Cinikin biri a sama: Abin da fitilar ado ta koya mini a gidan yayana

A bara, ana gab da shiga hunturu, yayana ya kira ni daga inda yake fatauci, ya ce kaya sun iso, in je in karɓa. Shekara uku ke nan yana gina gida a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da ke gefen birnin Kano, kuma da yake zamansa a gari bai taka kara ya karya ba, ni na zama idonsa a wurin aikin. Gidan bene ne irin wanda ake yayi yanzu. Da ka tura ƙofar shiga sai ka tarar da wani sarari da ba a raba shi da dekin ba, tun daga tayil har silin na sama, tsayinsa mita 6, wato kusan ƙafa 20, matakala tana naɗe ta gefe guda. A tsakiyar wannan sarari aka tsara za a rataya babbar fitilar ado, wadda masu sayar da ita ke kira shandaliya.

Na yi tsammanin zan tarar da fitila. Abin da na tarar shi ne akwatin katako ɗaya da kwalaye huɗu. Da aka buɗe, sai ga zobban ƙarfe manya da ƙanana, da sarƙa, da dunƙulen wayoyi, da ɗaruruwan duwatsun gilashi kowanne a cikin ledarsa, sai wata takarda mai zanen yadda za a harhaɗa su. A jikin akwatin an rubuta nauyinta: kilo 70, buhun siminti guda da kusan rabi ke nan. Na ɗaga kai na dubi silin, na sake duban kwalayen, a lokacin ne na fara zargin cewa kuɗin da yayana ya biya a shago somin taɓi ne.

Na ga ya dace in ba masu karatu wannan labari domin irin wannan gini ya yawaita a Kano da Kaduna da Abuja da sauran biranenmu, kuma akasarin masu shi farashi ɗaya suka sani, wato wanda mai shago ya faɗa musu. Shi kansa wannan farashin ba ƙarami ba ne. Galibin waɗannan fitilu daga ƙasar Sin ake shigo da su, musamman daga garin Guzhen na yankin Zhongshan a lardin Guangdong, wanda ya yi suna a duniya wajen ƙera fitilu, sannan su biyo ta kasuwanni irin su Alaba a Legas kafin su iso Sabon Gari. Da dala ake sayo su, kuma tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan Naira 460 da ɗoriya ta haura Naira 1,500 a shekarar 2024. Duk wanda ya sayi irin wannan kaya bayan wannan lokaci ya ji a jikinsa. To amma wannan kuɗi ne da mutum ya gani da idonsa, ya yi ciniki, ya amince. Wanda ke biyo baya shi ne ba a faɗa masa.

Mai aikin wayarin ɗin gidan dattijo ne da ya haura shekara sittin. Ya zo ya zagaya, ya ɗaga ɗaya daga cikin zobban ya jinjina, sannan ya nuna silin da bakin sukudireba.

"Malam, wannan silin ado ne, ba ya ɗaukar kaya. Wa ya ce a rufe shi kafin a kafa ƙugiya?"

Ban da amsa, domin ni na ce a rufe. Ya yi mini bayanin abin da ya kamata in sani tun farko. Silin POP garin filasta ne da zare, an ɗaure shi a ƙarƙashin kankare da 'yan wayoyi da katako, da ƙyar yake ɗaukar nauyin kansa. Fitila mai nauyi dole a jikin kankaren za a kafa ta. Da an yi tunaninta tun ranar zuba dekin, da lanƙwasasshen rodi guda an ɗaure shi cikin rodunan dekin, an zuba kankare a kansa, kuɗinsa bai kai na abincin leburori na yini ɗaya ba. Yanzu kuwa sai an yanke silin, an huda kankare, an kafa faifan ƙarfe da manyan notuna masu buɗewa a cikin rami, sannan a dawo a gyara ɓarnar da aka yi. A gidan da babu dekin a sama, sai katakon rufi, aikin ya fi haka, domin sai an gitta ƙarfe daga bango zuwa bango. Daga baya na gano cewa maganar dattijon tana da tushe a ƙa'idar sana'ar: a Amurka, dokar aikin lantarki ta ƙayyade cewa akwatin wuta na silin da aka saba amfani da shi kada a rataya masa fitilar da ta wuce kilo 23, in ta wuce sai an yi mata maɗauri na daban. Tamu ta ninka wannan sau uku.

Washegari ya kawo lissafinsa a rubuce. Akwai hayar matakalar ƙarfe mai hawa-hawa, wadda magina ke kira sikafol, ta kwana huɗu, da kuɗin motar da za ta kawo ta ta mayar, da na masu harhaɗa ta. Akwai katakon da za a shimfiɗa don kada ƙafafunta su farfasa tayil. Akwai kuɗin maƙerin da zai yi faifan ƙarfe da ƙugiya, da hayar injin huda kankare. Akwai sabuwar waya da makunni na daban, da wayar da ke zubar da wuta ƙasa idan ta ɓalle, domin jikin fitilar duk ƙarfe ne. Akwai ladan mutum huɗu, biyu a sama biyu a ƙasa, saboda kilo 70 ba a miƙa shi da hannu ɗaya. Akwai yini biyu cur na saƙala duwatsun gilashin ɗaya bayan ɗaya, a can sama, bayan an rataya gangar jikin. A ƙarshe akwai mai POP da mai fenti da za su rufe inda aka yanke. Jimillar ta ɗan haura kashi ɗaya cikin uku na kuɗin fitilar.

Idan mai karatu ya dubi wannan jeri da kyau, zai ga cewa aikin lantarkin da ke ciki kaɗan ne. Haɗa waya uku ne, wanda duk yaron shago zai iya cikin minti goma. Sauran duk tsayi ake biya. Wannan fitila da a ɗaki mai tsayin mita 3 za a sa ta, teburi da tsani sun wadatar. Kowace mita da aka ƙara a sama tana ƙara kayan aiki, da yawan hannu, da kwanaki, da haɗari, kuma haɗarin nan shi ma yana da farashi ko da ba a rubuta shi a takarda ba.

Na kira yayana na karanta masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai ma dai, rataya fitila ce fa, ba gina gada ba. Nemi wani." Zan iya fakewa da cewa umarni aka ba ni, amma gaskiya ita ce ni ma raina ya raya mini dattijon ya ga gida babba ne ya tsuga kuɗi. Na nemi wani, na kuwa samu. Wani matashi ya zo ya duba, ya ce zai yi a kan abin da bai kai rubu'in wancan ba, kuma a yini ɗaya. Da na tambaye shi batun sikafol sai ya yi dariya, ya ce, "Yallaɓai, mun yi wanda ya fi wannan tsayi da tsani." Na ji daɗin maganar domin ita nake son ji.

Ya zo da safe da yaransa biyu da tsanin katako guda biyu. Suka ɗaure su da igiya baki da baki, suka jingina da bangon matakala, suka gitta wani katako zuwa kan dogarin bene. Ina tsaye ina kallo, zuciyata ba ta kwanta ba, amma ban ce uffan ba. Shi maigidan bai hau ba. Ƙaramin yaron aka tura, wanda ba zai wuce shekara goma sha bakwai ba, saboda shi ne marar nauyi. Ya hau da zarto a hannu don ya yanke silin. Bai kai ga gamawa ba ƙafar tsanin ta zame a kan tayil mai santsi. Ban ga faɗuwarsa sosai ba, ƙararta na ji.

Allah Ya taƙaita, domin bai faɗo daga ƙololuwa ba, ya fara dukan matakala sannan ya gangaro. Ya karye a hannun dama, wuri biyu, ya kuma fashe a goshi. A motata muka kai shi asibiti. A hanya yana riƙe da hannun, abin da yake ta maimaitawa shi ne, "Oga, ka yi haƙuri, tsanin ne ya goce." Shi ke ba da haƙuri. Wannan kalma ta fi komai tsaya mini a rai.

Masu ilimin kimiyya suna da lissafin faɗuwa, kuma ba mai wuya ba ne. Abin da ya faɗo daga mita 6 yana isa ƙasa cikin daƙiƙa ɗaya da 'yan kai, da gudun da ya kusa kilomita 40 a awa. Wannan lissafi bai bambanta mutum da fitila ba. Yaron da ke kan tsani da kilo 70 na ƙarfe da gilashi da aka maƙala a silin filasta, duk hukuncinsu ɗaya. Kuma wurin da ake rataya irin wannan fitila shi ne mashigar gida, inda yara ke guje-guje, inda baƙi ke tsayawa su yi sallama. Ko a ƙasashen da ake taƙama da injiniyoyi an taɓa ganin haka: a shekarar 1896, a babban gidan wasan Opera na birnin Paris, ɗaya daga cikin ƙarafan da ke daidaita nauyin babbar fitilar zauren ya tsinke, ya faɗo kan 'yan kallo, ya kashe mace guda.

Mun biya kuɗin asibiti, kuma ya zarce kuɗin hayar sikafol ɗin da na guje wa. Amma kada in yaudari kaina da cewa mun biya duka. Yaron ya yi wata uku ba ya aiki, a sana'ar da sai ka fita za ka ci. Nijeriya tana da dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki tun shekarar 2010, sai dai yaron mai wayarin da ake sallama da yamma, wanda babu takardar da ke ɗauke da sunansa, yana nesa da inuwarta. Abin da ya samu shi ne abin da muka ga dama muka ba shi. A nan na fahimci cewa ragin da na yi murnar samu bai sa kuɗin aikin ya ragu ba. Ɗauke shi na yi daga aljihun yayana na ɗora a kan hannun yaron da bai san nawa aka sayi fitilar ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, ni kuwa na ga ranar da araha ta karya ƙashi.

Na koma wurin dattijon da kunya. Bai goranta mini ba, cewa kawai ya yi, "Ya jikin yaron?" Ya yi aikinsa cikin kwana huɗu kamar yadda ya faɗa. Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan ya kafa ƙugiyar bai rataya fitilar nan take ba. Ya sa aka cika buhuna da yashi da ya ninka nauyinta, aka rataya su suka kwana, ya hana kowa bi ta ƙarƙashi. Da safe ya hau ya duba notunan, sannan ya ce a miƙo zobe na farko. Ya kuma ƙara wata siririyar igiyar ƙarfe a maɗauri na biyu, wadda ba ta ɗauke da komai, tana jiran ranar da ta farko za ta gaza.

Daren da aka kunna ta, ba zan ɓoye ba, ta yi kyau. Haske ya warwatsu a bango kamar an watsa ruwa. Sai dai lissafi bai ƙare a wannan dare ba. Kafin ƙarshen watan Janairu ƙurar hunturu ta lulluɓe kowane dutse, hasken ya dushe ya koma kamar na fitilar ƙwai mai hayaƙi. A ƙasarmu ƙura ba baƙuwa ba ce, duk shekara tana da watanninta, kuma tsumma ba ya kai wa mita 6. Goge fitilar yana nufin a sake hayar sikafol, a sake shimfiɗa katako, a sake biyan masu hawa. Haka nan idan ƙwai ya mutu, kuma da yadda wutarmu ke hawa da sauka, mutuwar ƙwai ba abin mamaki ba ce. Shi ya sa za ka shiga gidaje da yawa ka tarar da fitila ta miliyoyi, rabin ƙwayayenta a mace, gizo-gizo ya yi saƙa a tsakanin duwatsunta. Akwai na'ura mai injin da ake ɓoyewa a saman silin, wadda ke sauko da fitilar har ƙasa idan an murɗa makulli, amma ita ma kuɗi ce mai kauri, kuma tun ana gini ake tanadar mata wuri.

Sai batun wuta. Fitilar yayana tana cin ƙwai 48. Da an sa mata irin ƙwan da aka saba da shi a da, mai wat 40, da tana jan wat 1,920. Idan an kunna ta awa biyar kullum, yunit 288 ke nan a wata. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin yunit ɗaya ga 'yan rukunin Band A zuwa Naira 225, kafin daga baya a ɗan sassauta. A kan wancan farashi, fitila ɗaya tilo za ta ci Naira 64,800 a wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin wannan shekarar Naira 70,000 ne. Da ƙwan LED mai wat 4 kuɗin ya sauko zuwa Naira 6,480. Wannan bambanci kaɗai ya isa mutum ya tambayi irin ƙwan da fitila ke ci kafin ya tambayi launinta, balle wanda gidansa ke kan sola ko janareta.

Waɗanda muke kwaikwayo ba haka suke yi ba. Babbar fitilar Masallacin Sultan Qaboos da ke Maskat a ƙasar Oman, wanda aka buɗe a 2001, tsayinta mita 14 ne, nauyinta kimanin tan 8, tana da ƙwai fiye da dubu. An gina ƙubbar ne da sanin abin da za ta ɗauka, kuma a cikin fitilar kanta an yi matakalar da masu gyara ke bi. Wanda ya zana ta ya tuna da mutumin da zai hau ya goge. Mu kuwa hoton muke gani a waya, mu tura wa mai zanen gida mu ce irin wannan muke so, ba mu tambayi abin da ke riƙe da ita a bayan silin ba.

Ba na cikin masu cewa son gini mai tsayi baƙon abu ne a wurinmu. Duk wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830 zuwa 1840, ko ya tsaya a sorayen Gidan Makama a Kano ya ɗaga kai ya dubi ɗaurin guga, ya san kakanninmu sun iya ɗaga rufi da ƙasa da azara har mutum ya ji ya ƙanƙance. Tsayin yana da aiki, domin zafi yana hawa sama ya bar mazauna cikin sanyi. Adon kuma a jikin ginin yake, a bakan gizo da zanen bango. Amma ina suke ajiye fitila? A alkuki, ɗan ramin nan na jikin bango, daidai inda hannu ke kai wa. Yaro ma zai iya zuba mata mai, ya gyara lagwani. Abin da ke buƙatar hannu kullum sun ajiye shi kusa da hannu, abin da ba ya buƙata suka kai shi sama. Wannan hikima ce da ba ta tsufa ba, ko da lantarki ya maye gurbin man gyaɗa.

Ba ina cewa kada mai hali ya ƙawata gidansa ba. Wanda Allah Ya hore wa, ya nema ta halal, yana da ikon ya rataya abin da ransa ke so. Roƙona shi ne ya yi lissafin gaba ɗaya tun kafin ya biya. Ya tambayi nauyin fitila kafin farashinta. Ya gaya wa injiniyansa tun kafin a zuba dekin, a dasa ƙugiya a cikin rodi. Ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kuɗinta domin ratayawa, kamar yadda ta kasance a wurinmu, ya kuma san cewa duk bayan hunturu akwai wani kuɗin. Ya tambayi kansa wa zai goge ta, kuma a kan me zai tsaya. Idan mai aiki ya ce masa tsani ya isa a tsayin mita 6, ya sallame shi da girma da arziki. Idan lissafin ya fi ƙarfinsa, fitilun bango da ke haska sama suna ƙawata dogon zaure, kuma da kujera ake canza ƙwansu. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma mai sayen shandaliya sau da yawa bai san abin da ya saya ba sai kwalaye sun iso.

Ga malamanmu masu zanen gidaje da injiniyoyi, da ɗaliban da ke karatun wannan fanni a jami'o'i da kwalejojin kimiyya, ku ma da naku. Duk wanda ya zana sarari mai hawa biyu ya san fitila za a rataya a ciki. Sanya maɗaurinta a cikin zane, da hanyar da za a kai gare ta, bai fi layi biyu ba a takarda, amma yana iya zama bambanci tsakanin yaro mai hannu biyu da mai ɗaya.

Yaron ya warke, ya koma aiki, sai dai hannun ba ya miƙewa sosai, kuma ya ce yana yi masa ciwo idan sanyi ya shigo. Yanzu yana tare da dattijon, domin na roƙe shi ya ɗauke shi. Yayana ya tare a gidansa, baƙi suna shigowa su ɗaga kai su ce masha Allah. Ni ma ina zuwa, ina kuma ɗaga kai, amma ba duwatsun nake kallo ba. Idona yana kan wurin da fentin ya ɗan bambanta, inda aka fara yanka silin aka bari.

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke yi mana aiki.